Kiran Da Mama Lucia Ta Ƙi Amsawa

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na ɗinki da injin niƙan Mama Lucia, a wani lungu na Sabon Gari idan an nufi Dogarawa. Bangon ma bulo ne tsirara, ko filasta babu. Saboda haka in kun ji ina magana kamar mai faɗa, kada ku ga laifina, maƙwabtaka ce ta mayar da ni haka. Maman Felix ake ce mini. Na yi shekaru ina kakkaɓe garin masara daga kan yadin mutane saboda matar nan, na yi mita har na gaji, amma duk wanda ya taɓa ta a gabana sai ya ji bakina.

'Yar kudancin Kaduna ce. Ta zo Zariya tana budurwa, tana aikatau a gidan wani malamin jami'a a Samaru. A can ta haɗu da Sebastian, wani dogo marar magana mai gyaran injin ban ruwa a gonakin Bomo. Suka yi aure, suka sayi tsohon injin niƙa, suka dawo Sabon Gari. Shi ke tayar da inji, ita ke zuba hatsi. Da ya rasu aka yi ta ba ta shawara ta sayar, wai aikin maza ne. Ko kallo ba su ishe ta ba. Kwanan zaman makoki na ƙarewa ta ci ɗamara, ta kama hannun injin nan ta juya shi da kanta har ya yi tari ya kama. Tun daga ranar unguwa ta koma kiranta Mama, yaro da babba, har waɗanda suka girme ta.

Injin ya ciyar da ita, ya yi wa 'yarta tilo Stephanie karatu har ta zama malamar makaranta. Amma ya cinye mata kunnuwa. A hankali abin ya zo. Ta fara daina jin ƙararrawar coci, sai ta daina jin sallama, daga baya shi kansa injin sai a tafin ƙafarta take jin sa. Masu kawo niƙa suka koyi magana da ita da hannu. Ka murza yatsu, laushi kake so. Ka dunƙule hannu, ɓarza. Ka yi kamar kana zuba ruwa, markaɗe ke nan. In ka tsaya gabanta ka buɗe baki sosai tana karanta leɓenka. Ita dai bakinta garau yake, sai dai muryar ta yi ƙarfi, in ta ce maka sannu sai ka ɗauka cacar baki za a fara.

Stephanie ta auri wani malami ɗan'uwanta a aiki, Othniel, aka tura su wani ƙauye can yamma. Ba zan tsaya kan abin da ya faru ba, don har yau ba na iya faɗinsa. 'Yan bindiga ne suka shiga ranar kasuwa. Miji da mata duka aka rasa. 'Yarsu Princess, wadda ba ta wuce shekara uku da wani abu ba, a cikin rumbun dawa aka tsince ta, inda uwar ta jefa ta ta rufe. Waɗanda suka san yarinyar sun ce da can aku ce, ba ta barin kowa ya huta. Daga rumbun nan ba ta sake cewa uffan ba. An kai ta asibiti, aka duba kunne lafiya, harshe lafiya, aka ce a ba ta lokaci.

Mama Lucia ta kawo ta wurinta, sai dangin uban suka zo ɗaukarta. Wani baffanta mai 'ya'ya cike da gida ya tsaya a ƙofar injin yana yarfa hannu, wai yaya za a bar bebiya a hannun kurma. Ya ɗauka Mama Lucia ba ta ji ba, bai san ta karance leɓensa tas ba. Ta jawo yarinyar ta sa a bayanta, ta ce, "Muddin ina numfashi ba inda za ta." Ya ce to, za su jira. Haka ya faɗa, a gabana, ko kunya babu. Daga nan Mama Lucia ta san abin da ke gabanta: dole ta rayu har yarinyar nan ta yi wayo, in ba haka ba za a kwashe ta a kai ta inda za ta zama 'yar ɗebo ruwa da ba mai tambayar ko ta ci.

Princess ta sami gurbi a kan tarin buhuna a kusurwar ɗakin, bayan inda kakarta ke tsayawa. A nan take wuni, gari ya yi mata furfura a gira, ido kawai take bin mutane da shi.

Ana haka jiragen yaƙi suka fara bi ta kanmu.

Mu mutanen Zariya jirgi ba baƙonmu ba ne. Ƙananan nan na masu koyon tuƙi kullum suna shawagi kamar ƙudaje, ko ɗaga kai ba ma yi. Waɗannan daban ne. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba ƙarar ba ce, shirun da ke gabanta ne. Sai ka ga tattabarun kan kwano sun tashi gaba ɗaya ba wanda ya kore su. Sai wani abu mai tsini ya gifta sama shiru, tsit, kamar ba inji a cikinsa. Har ya ɓace. Kana shirin sauke ido sai sama ta tsage, dum, dum, sau biyu a jere, ka ji shi a haƙarƙarinka. Ranar farko ina kan ɗinkin ankon matan zumunta na coci, gilasan tagata suka zubo, allura ta shige mini yatsa. Yesu! Kasuwa ta watse, ana ta ihun bam ne, mata na neman 'ya'yansu, masu shaguna na jan ƙofa.

Wani malami daga Samaru da ya kawo mini rage wando shi ya yi mini bayani, yana murmushi kamar abin daɗi. Wai jirgin ne ya fi ƙararsa gudu, ya tsere mata, ita kuma ta biyo baya. Na ce, "To Malam, shi ya tsere, mu ne za mu kwashe ta ke nan?" Ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba, yatsana na naɗe da tsumma.

Nan fa gari ya rabu. Baba Nwankwo mai kayan gyaran mota, tsoho da jikoki, tattabaru na tashi sai ka gan shi ƙarƙashin tebur, hannu a ka. Yana yaro aka yi yaƙin basasa, ya ce jikinsa ne ke shiga, ba shi ba. Busola mai kiwon kaji a Bomo ta zo har shagona tana kuka, kajinta sun tattake juna, waɗanda suka tsira sun daina ƙwai. Amma a teburin mai shayi, jirgi na wucewa samari ke miƙewa suna ɗaga hannu, "A gama da su! Allah ya ba da sa'a!" Sun san daji ya nufa, wurin 'yan bindiga. Ɗalibai kuwa sai ɗaga waya sama, su ɗauko gajimare kawai. Ni kaina ban san inda na tsaya ba. Da baki ɗaya nake tsine wa ƙarar, da shi nake cewa Ubangiji ya kai su lafiya.

Yawanci da tsakar rana suke wucewa, daidai lokacin da Mama Lucia ke kashe inji ya huce. Wata rana bayan ƙarar ta lafa sai ga ta a ƙofar shagona, ido waje, tana dariya kamar yarinya.

"Maman Felix, na ji!" in ji ta. "Na ji zakara!"

Wai ƙarar na bugawa sai kunnuwanta suka buɗe, fau, kamar an cire toshiyar kwalba. Duniya ta shigo mata na ɗan lokaci, ta ji cara, ta ji kukan jariri, ta ji ƙarar kekena, sannan a hankali komai ya sake rufewa. Wata nas da ke kawo niƙa ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ba. Oho dai. Ni na ga fuskar matar, kuma ta kwatanta mini ƙarar kekena daidai, har da ɗan ƙiƙi-ƙiƙin da yake yi in ya rasa mai.

Zuwa na gaba ba dariya. Ta shigo ta zauna kan bencin masu jira, gari a jikinta. Ta yi ƙoƙarin rage murya, abin da ba ta iya ba.

"An kira ni," ta ce.

Na juyo da fuskata gare ta na ce, "Wa?"

"Stephanie. Muryarta tana ƙarama. A bayana, dab da ni. Ta ce, Mama."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan, ɗan coci ne ko ɗan masallaci: in ka ji an kira ka ba ka ga mai kiran ba, ba ka amsawa. Tun muna yara ake ja mana kunne. A garinsu Mama Lucia ma abin ya fi haka, ko waiwayawa ba a yi. Sun ce wanda ya riga ka tafiya ne ke neman abokin hanya, ka amsa ka bi shi.

Na ce, "Mama, ba Princess ba ce kuwa?"

Ta harare ni. "Yarinyar da ba ta magana? Ni zan kasa gane muryar 'yar da na haifa?"

Duk da haka na je na durƙusa gaban yarinyar, na lallaɓa ta, na ce ke kika kira Mama? Ta dube ni kamar bango take kallo. Na tashi na koma shagona.

Daga ranar rayuwar matar nan ta koma abin tausayi. Idonta kullum yana kan kwanon maƙwabta. Tattabaru na tashi sai ta juya ta fuskanci bango, ta rungume ƙarfen injin, ta runtse ido, ta cusa bakin zaninta a baki ta cije. Ta ce mini tsoronta kada bakinta ya amsa ba da saninta ba, don shekara nawa tana amsa wannan muryar. Kuma kowane wucewa sai an kira. Wani lokaci sau ɗaya, wani lokaci a maimaita, a hankali, kamar mai roƙo. "Ina son in amsa, Maman Felix," ta ce da ni, hawaye na yin hanya cikin garin fuskarta. "Allah ya sani ina so. Amma in na tafi wa zan bar wa yarinyar?"

Fasto ya zo ya yi addu'a. Matan zumunta suka yi azumi. Ta koma cusa auduga a kunne, marasa kunya na dariya wai kurma na toshe kunne. Audugar ba ta hana komai ba. Ta rame, zani ya fara zagaya ta sau biyu. Abin da ya ƙara ɗaga mini hankali, yarinyar ma ta soma lalacewa. Da can takan riƙe gefen zanin kakarta in za su coci, sai ta daina. Ta rage cin abinci. Ta koma zama fuska a bango. Muka ce ai ƙarar ce ke firgita ta, kowa ma a firgice yake.

Da abin ya yi yawa aka kira taro a ƙofar mai unguwa, a kan ko za a kai kuka gaba. Aka yi ta musu. Masu bangon da ya tsage da masu kaji da masu tsofaffi a gida suna gefe guda. Ɗaya gefen waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa ko aka sace musu, suna cewa in ƙara ce kuɗin zaman lafiya, a ƙaro ta. Mama Lucia na zaune kusa da ni tana bin leɓuna da ido. Ba zato sai ta miƙe, da muryar nan tata da ke kaiwa ƙarshen layi.

"Don Allah a roƙe su su canza hanya."

Wani direban tifa da aka kashe wa ƙane ya zabura. "Haba Mama! Ke? Ke da aka kashe wa 'ya? Waɗanda suka yi miki wannan aika-aika fa ake zuwa bugawa!"

Ta karanta bakinsa har ƙarshe. Ta ce, "Na sani, ɗana." Ta koma ta zauna. Ba wanda ya gane, ni kuwa ba hurumina ba ne in faɗa.

Ranar da abin ya fito fili, wake na kai markaɗe, zan yi alale. Na tarar ta kashe inji, na ajiye roba ina jira. Sai na ji fuka-fuki a kan kwano, faf-faf-faf. Kafin in ankara Mama Lucia ta juya, ta rungume ƙarfe, zani a baki. Shirun nan ya sauka. Sannan dum, dum. Gari ya zubo daga jikin kwano kamar hayaƙi.

Kunnena na ƙugi, amma idona biyu. Na ga yarinyar ta miƙe tsaye a kan buhuna. Ba ta lura da ni a bakin ƙofa ba. Ta miƙa hannu ɗaya wajen bayan kakarta, bakinta ya buɗe.

"Mama."

'Yar siririyar murya, a shaƙe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Bayan tsohuwar ya girgiza, ta ƙara ƙanƙame ƙarfen.

"Mama."

Yarinyar ta tsaya tana jira, hannu a miƙe. Ta jira. Sannan ta sauke hannun a hankali, ta koma ta zauna, ta juya fuska ga bango. Wayyo Allah! Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar sauke hannun nan ba. Ashe duk watannin nan abin da ke faruwa ke nan. Tsoro ya buɗe bakin yarinya, ta kira mutum ɗaya da ya rage mata a duniya, a juya mata baya.

Na yi watsi da robar wake, na damƙi kafaɗar Mama Lucia na juyo da ita da ƙarfi. Na fizge zanin daga bakinta. Na sa fuskata dab da tata, ina nuna kusurwa, ina ihu, "Princess ce! Da idona na gani! Ita ke kiranki!"

Ta girgiza kai, ta ce irin dabararsu ke nan, su ari bakin mai rai. Na ce, "Mama, ni ma na ji! In matattu ne, ni me na yi musu?" Ta dubi leɓena, ta dubi yarinyar, ta sake duban leɓena. Sai ta zube cikin gari. Kukan da ta yi ranar har bakin titi an ji shi. Ta rarrafa ta rungumi yarinyar tana cewa, "Na'am, na'am, na'am," amma yarinyar ta sandare kamar itace, ko motsi.

Sai ta koma jiran jirgi. Matar da ta roƙa a canza hanya, yanzu tsakar rana na yi za ta kashe inji, ta zauna ta fuskanci jikarta, ido ɗaya a kan tattabaru. Kun san halin duniya. Daidai lokacin jiragen suka ɗauke ƙafa. Wasu suka ce kukan da aka kai ne ya yi aiki, wasu suka ce yaƙin ne ya koma wani daji. Gari ya yi ta murna. Busola ta kawo mini ƙwai kyauta, Baba Nwankwo ya koma cin abincinsa a kan tebur kamar kowa. Mama Lucia kaɗai ke fitowa tana leƙen sama. Ta sa an buga mata ganga a kunne, ta sa an doka ƙofar ƙarfe. Kunne bai buɗe ba, yarinya ba ta yi magana ba.

Wata rana ina ɗinki na ji ta cikin bango, "Na'am." Na ɗauka wani ya shigo. Can an jima, "Na'am." Na leƙa, ba kowa sai ita da yarinyar, tana share gari. Na tambaye ta da hannu. Ta ce, "Tunda ba zan ji ba in ta kira, zan riƙa amsawa kawai. Wata rana za mu dace."

Haka ta ci gaba. Tana auna hatsi, na'am. Tana ɗaure buhu, na'am. A hanyar coci, a kasuwa, a bakin famfo. Ku zo ku ga yadda mutane ke darewa! Mace na tafe tana amsa kiran da ba a yi ba, abin da aka hana mu tun muna tsumma. Wasu suka kwashe niƙansu suka kai wani layi. Wata ta ce mini a raɗa wai tsohuwar ta fara hira da mutanen ɓoye. Na ce mata ta kwashe yadinta ta bar mini shago, kuma har yau ba ta dawo ba, Allah ya raka taki gona ma ban ce mata ba, ƙofa kawai na nuna.

Ni kaina, in faɗi gaskiya, wani lokaci in inji na kashe, lungu ya yi tsit, muryar nan ta fito ta cikin bango ita kaɗai, sai in ji gashin wuyana ya miƙe.

Ana cikin damina, wata tsakar rana, na tsayar da keke zan sa zare. Sai na ji wani abu siriri ta cikin bango.

"Mama."

"Na'am."

Na daskare da zare a hannu. Aka yi shiru mai ɗan tsawo.

"Mama."

"Na'am."

Yarinyar ce ta gano tazarar. Ta zauna ta lura da lokacin da kakarta ke amsawa, sai ta riƙa jefa kiranta dab da shi. Wani lokaci ta yi sauri, ta jira. Wani lokaci amsar ta riga ta. Amma sau da yawa suna dacewa cif, ka rantse tsohuwar na ji. Na zauna a kan kujerata na sha kuka ni kaɗai kamar wata sakarya. Da na gaya wa Mama Lucia, ta riƙe hannuna ta ce in sake faɗa, na sake, ta ce in sake. Yarinyar ba ta yarda ta yi a gaban idon kowa, sai an juya mata baya. To tsohuwar ta koma juya bayan da gangan, tana amsawa, tana murmushi ga bango.

Kafin lokacin kaka, Princess ta fara ce mini ruwa, ta fara ce mini zare. Baffan nan ya zo ya ga yarinya ta yi kumatu, ya koma ba ko sallama. Aka yi mata rajistar makaranta.

Ranar da nake gwada mata kayan makarantar, tana tsaye gabana, na lulluɓa mata yadi na kakkafe da fil, ga guntun rake a bakinta tana tsotsa. Sai na ji fuka-fuki a kan kwano. Mun daɗe ba mu ji ba. Na jawo ta na rungume, fuskarta a ƙirjina. Dum, dum. Almakashi ya faɗo daga tebur.

Na rantse da Allahn da ya yi ni, yarinyar nan ba ta buɗe baki ba. Raken na bakinta, bakin na jikina, da ta yi ko tari da na ji.

Cikin shirun da ya biyo baya sai muryar Mama Lucia ta ratso bango, ba irin amsar nan ta kullum ba, wannan da dukan zuciyarta ce.

"Na'am! Na'am, 'yata, ga ni!"

Na ji takunta da gudu. Ta faɗo shagon fuska na walƙiya. "Maman Felix, na ji ta! Yau na ji ta da kunnena, a bayana, dab da ni, kuma na amsa! Na juya ban..."

Sai ta ga yarinyar a jikina.

Ta tsaya riƙe da ƙyauren ƙofa. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya sauka. Ta ce, "Tun yaushe take nan?"

Na ce, "Yanzun nan ta shigo da gudu."

Ta dubi leɓena. Sannan ta dubi yadin da ke jikin yarinyar, da fil-fil ɗin da na jera tun daga kafaɗa har gwiwa. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta shigo ta zauna kan benci, ta jawo Princess, ta cire mata raken, ta goge mata baki da gefen zaninta. Ta daɗe tana shafa kanta.

"Ki yi mata kayan da ɗan girma," in ji ta. "Su kai ta shekaru."

Na ce, "Haba Mama, bar wannan magana. Ƙara ce kawai, kunne ne ke yi wa mutum wasa."

Ba ta ko kalli bakina ba. Ta juyar da yarinyar ta fuskanci titi, don kada ta ga fuskarta, sannan ta yi iyakar ƙoƙarinta ta rage murya.

"Maman Felix, bango ɗaya ne tsakaninmu, kina jin komai. Duk ranar da ta kira ta ji shiru, ke ki amsa mata."

Na ce to. Na durƙusa na fara cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, don in sake awo.